Ina Tokar Wutar? Sharhi Kan Haɗewar Nukiliya Cikin Sanyi

 Yau za mu taɓo wata taƙaddama da ta haura shekara 30 ba ta kwanta ba, wato batun haɗewar nukiliya cikin sanyi, da kuma hanyoyin da masana suka yi hasashen za ta iya faruwa.

Ranar 23 ga watan Maris na 1989, wasu masana kimiyyar sinadarai biyu suka kira 'yan jarida a Jami'ar Utah da ke birnin Salt Lake City na Amurka. Ɗaya shi ne Martin Fleischmann na Jami'ar Southampton ta Ingila, wanda aka riga aka sallama masa a fannin gamin lantarki da sinadarai. Ɗayan kuwa Stanley Pons ne, shugaban sashen sinadarai na Utah. Kayan aikinsu ba su taka kara sun karya ba: kwalbar gilashi, da ruwan da ake kira ruwa mai nauyi, da 'yar sandar ƙarfen faladiyam da aka kewaye da wayar filatinam, sai wutar lantarki da aka jona. Suka ce zafin da ke fitowa daga kwalbar ya zarce wutar da suka zuba, ya kuma fi ƙarfin duk wani haɗin sinadarai. Don haka, in ji su, babu makawa cibiyoyin ƙwayoyin zarra ne ke haɗewa a cikin ƙarfen.

Me ya sa duniya ta ɗauki ɗumi? Hanya biyu ake samun makamashin nukiliya. Ta farko ita ce a fasa cibiyar zarra mai nauyi, irin ta yuraniyam ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Ta biyu ita ce a haɗe cibiyoyi marasa nauyi su zama ɗaya, kuma da ita rana take ci. Man wannan hanya ta biyu shi ne diyutiriyam, wani nau'in haidirojin mai nauyi da ke cikin ruwa mai nauyin nan, wanda ake samun ƙwaya 1 cikin kimanin ƙwayoyin haidirojin 6,400 a ruwan teku da na rijiya. Duk wanda ya san tsadar man janareta da duhun gari in an ɗauke wuta, ba sai an yi masa dogon bayani kan darajar wannan albishir ba, da ya tabbata.

Amma akwai katanga. Kowace cibiyar zarra tana ɗauke da caji iri ɗaya da 'yar'uwarta, caji iri ɗaya kuwa tunkuɗe juna yake yi, kuma tunkuɗar tana ƙara tsananta gwargwadon kusantar da suka yi. Ƙarfin da ke manne cibiyoyi ba ya kamawa sai sun kusan gogar juna. A tsakiyar rana, zafin digiri miliyan 15 da matsi mai tsanani su ke ingiza su. A injin ITER da ake ginawa a Cadarache ta kudancin Faransa, digiri miliyan 150 ake nema. A 1928 George Gamow ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyi sukan ɓulla a bayan katangar wani lokaci ba tare da sun haura ta ba, amma damar yin haka tana raguwa ƙwarai in suna nesa da juna. Steven Koonin da Michael Nauenberg sun yi lissafin a 1989: cibiyoyin diyutiriyam biyu da ke zaune tare a cikin iskar gas, a zafin ɗaki, za su jira adadin daƙiƙoƙi mai sifili sama da 60 kafin su haɗe. Shekarun sararin samaniya kaf, in an mayar da su daƙiƙa, lamba ce mai sifili 17 kacal.

Ko da an tsallake katangar, da sauran rina a kaba. An daɗe da sanin abin da ke fitowa idan diyutiriyam biyu suka haɗe. Kusan rabin lokaci ana samun tiritiyam da furoton. Ɗaya rabin ana samun hiliyam mara nauyi da niyutiron. Sau 1 cikin kimanin miliyan 10 ne kawai ake samun cikakken hiliyam, shi ma tare da hasken gama mai tsananin ƙarfi. Ma'ana, kwalbar da ke ba da zafin wat 1 ta wannan hanya ya kamata ta riƙa feso niyutiron kusan tiriliyan 1 a kowace daƙiƙa, abin da zai hallaka duk wanda ya daɗe kusa da ita. Fleischmann da Pons kuwa lafiyarsu ƙalau, niyutiron ɗin da suka ce sun gani bai kai ko kusa da wannan adadi ba, daga baya ma masana a cibiyar MIT suka nuna cewa akwai kuskure a awon nasu.

In matar gida ta ce ta kwana tana girki da itace, a murhu ake neman shaida, a ga toka da gawayi. Haka masana suka ce: mun ji batun zafi, to ina tokar? John Huizenga, wanda ya jagoranci kwamitin binciken Ma'aikatar Makamashi ta Amurka tare da Norman Ramsey a 1989, ya dunƙule matsalar a abubuwa uku da ya kira mu'ujizoji. Yaya cibiyoyin suka tsallake katangar? Me ya hana niyutiron da tiritiyam fitowa yadda aka saba? Ina hasken gama ya tafi? Ina roƙon mai sauraro ya riƙe waɗannan tambayoyi uku, domin da su za mu auna kowane hasashe.

Hasashe na farko shi ne na matsi, kuma shi ne ya kai Fleischmann ga gwajin tun asali. Tun 1866 Thomas Graham ya gano cewa faladiyam yana shanye haidirojin har ninki kusan 900 na girmansa. A 1926 ma wasu masana biyu a Balin, Friedrich Paneth da Kurt Peters, sun ce sun sami hiliyam ta wannan hanya, sai dai shekara na zagayowa suka janye, bayan sun gano cewa hiliyam ɗin ba daga haɗewa ya fito ba, gurɓata ce daga iska da gilashi. Fleischmann ya yi tunanin cewa in lantarki ya cusa diyutiriyam cikin ƙarfen, matsin zai kai wanda babu injin da ke iya samarwa. Da aka sake duba lissafin, sai aka ga matsin na haƙiƙa bai wuce ninki 10,000 zuwa 20,000 na matsin iskar da muke shaƙa ba. Abin da ya fi wannan karya gwiwa shi ne, kowace ƙwayar diyutiriyam tana da gurbinta a tsakanin sahun ƙwayoyin ƙarfen, kuma tazarar da ke tsakaninsu a can ta fi wadda ke tsakaninsu a cikin iskar gas. Ashe ƙarfen ba matse su yake yi ba, raba musu masauki yake yi.

Hasashe na biyu ya samo asali ne daga wani abu tabbatacce. Akwai haɗewar sanyi ta gaskiya wadda babu mai musunta, ita ce wadda ƙwayar miyuwon ke haddasawa. Miyuwon tamkar ilektiron take a caji, amma ta ninka shi nauyi sau 207. In ta maye gurbinsa, sai ta jawo cibiyoyin biyu su matso kusa da juna kusan ninki 200, nan take su haɗe ko da a cikin sanyin da ya fi ƙanƙara. Charles Frank ya yi hasashen haka a 1947, Andrei Sakharov ma ya yi, sannan Luis Alvarez ya gan shi da na'ura a Berkeley a 1956. Cikas ɗin shi ne miyuwon ba ta rayuwa fiye da kimanin kashi 2 cikin miliyan na daƙiƙa, wani lokacin kuma takan maƙale a jikin hiliyam ɗin da aka haifa, aikinta ya tsaya. Steven Jones na Jami'ar Brigham Young ya kai ga haɗewa kusan 150 daga miyuwon guda a gamin diyutiriyam da tiritiyam, amma makamashin da ake kashewa wajen ƙirƙirar miyuwon ɗin ya fi wanda take mayarwa. Darasin da ke ciki shi ne, ko a wannan haɗewar ta sanyi, niyutiron yana fitowa. Sanyi bai ɓoye tokar ba.

Daga nan aka ce, to ko ɗimbin ilektiron ɗin da ke yawo a cikin ƙarfe za su iya yin irin aikin miyuwon, su shiga tsakani su rage tunkuɗar? Wannan shi ne hasashen kariyar ilektiron, kuma yana da ƙamshin gaskiya. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, tawagar Jirohta Kasagi a Jami'ar Tohoku ta Japan, da ta Claus Rolfs a Bochum ta Jamus, da ta Konrad Czerski a Balin, sun harba diyutiriyam a kan ƙarafa daban-daban. Suka ga haɗewa tana faruwa fiye da yadda lissafi ya nuna. A cikin iskar gas kariyar ba ta wuce kimanin 25 ba a ma'aunin makamashi na ilektiron-bolt, amma a wasu ƙarafa ta kai ɗaruruwa. Wannan sakamako ne na gaske, kuma har yanzu ana muhawara kan dalilin girmansa. Sai dai da injin harba ƙwayoyi aka yi gwajin, da ƙarfin dubban bolt, ba a zafin ɗaki ba. Anthony Leggett da Gordon Baym kuma sun nuna tun 1989 cewa a ƙarfen da ke zaune lafiya ba tare da wani abu na girgiza shi ba, kariyar ba za ta isa ko kusa ba. Wannan hasashe ya ɗan sassauta tambaya ta farko, ya bar ta biyu da ta uku yadda suke.

Hasashe na uku ya fi sauran ƙarfin hali, kuma manya ne suka tsaya masa. Julian Schwinger, wanda ya ci kyautar Nobel a 1965, ya ce kada a ɗauka abin da ke faruwa a cikin iska mai zafi shi ne zai faru a cikin daskararren ƙarfe, inda ƙwayoyi ke jere cikin sahu suna girgiza tare. Ya yi hasashen cewa sahun zai iya karɓe makamashin haɗewar kai tsaye ya mayar da shi zafi, ba tare da hasken gama ya fito ba. Da mujallar Ƙungiyar Masana Fiziks ta Amurka ta ƙi buga rubutunsa, ya fice daga ƙungiyar. Peter Hagelstein na MIT ya shafe shekaru yana faɗaɗa irin wannan tunani. Masu goyon baya suna kafa hujja da binciken Melvin Miles na cibiyar sojojin ruwan Amurka da ke China Lake, wanda a 1991 ya ba da rahoton cewa yana samun hiliyam a kwalaben da suka ba da zafi, ba ya samu a waɗanda ba su bayar ba. In haka ne, hiliyam ɗin shi ne tokar da ake nema.

Matsalar ita ce girman kayan da ake so sahun ya ɗauka. Haɗewa guda mai haifar da hiliyam tana sakin ilektiron-bolt miliyan 23.8, alhali girgiza guda ta sahun ƙarfe ba ta ɗaukar ko kashi 1 cikin 10 na ilektiron-bolt guda. Ke nan sai an raba makamashin gida ɗaruruwan miliyoyi a lokaci ɗaya. Lokacin kuwa gajere ne matuƙa: cibiyar da ta haɗe tana tarwatsewa tun kafin haske, wanda babu abin da ya fi shi sauri, ya isa ga ƙwayar da ke maƙwabtaka da ita. Akan kawo misalin abin da Rudolf Mössbauer ya gano a 1958, inda sahun ƙwayoyi ke haɗuwa su shanye turin da cibiya ke yi baya idan ta fitar da hasken gama. Amma a can turin kawai sahun ke shanyewa, hasken yana fita abinsa. Shi ma hiliyam ɗin Miles yana da mai ƙalubalantarsa, domin iskar da muke shaƙa tana ɗauke da kimanin kashi 5 cikin miliyan na hiliyam, yana kuma iya kurɗawa ta cikin gilashi, ainihin ramin da Paneth da Peters suka faɗa.

Hasashe na huɗu ya ce a daina ma maganar haɗewa. A 2006 Allan Widom na Jami'ar Northeastern ta Boston da Lewis Larsen suka buga wata maƙala suna cewa a fatar ƙarfen, ilektiron yana iya tara ƙarfi ya gamu da furoton su zama niyutiron. Tun da niyutiron ba shi da caji, babu katangar da ta tare shi, sai ya shige cibiyar da ke kusa ya sauya ta ta zama wani sinadarin. Dabarar tana da kyau, domin ta kewaye tambaya ta farko gaba ɗaya. Sai dai ta gina wata katangar a madadinta: ana buƙatar ilektiron-bolt kimanin 780,000 kafin ilektiron da furoton su zama niyutiron, alhali haɗin sinadarai ba ya ba ilektiron guda fiye da 'yan ƙalilan. Bugu da ƙari, cibiyar da ta haɗiye niyutiron takan fitar da hasken gama, da yawa kuma sukan ci gaba da fitar da tururin nukiliya na tsawon lokaci, abin da na'ura ba za ta kasa gani ba.

Hasashe na biyar shi ne na tsaga. Ƙarfen da ya ƙoshi da diyutiriyam yakan kumbura ya tsage. A 1986 wasu masana na Tarayyar Sobiyet, a tawagar Boris Derjaguin, sun ba da rahoton ganin niyutiron lokacin da suka farfasa daskararren sinadari mai ɗauke da diyutiriyam. Bayanin shi ne, yayin da abu ke tsagewa, caji yakan rabu tsakanin bakin tsagar biyu, wutar da ta taru ta wurga wasu ƙwayoyi da gudu su yi karo. In haka ta faru, haɗewa ce irin ta zafi a ɗan ƙanƙanin wuri. Tana iya bayyana 'yan niyutiron ɗin da wasu suka ce sun ƙirga jefi-jefi, amma ba za ta ɗumama ko cokalin ruwa ba.

Akwai kuma bayanin da bai shafi nukiliya ba sam, kuma shi yawancin masana suka fi karkata gare shi. Auna zafi a kwalbar da ke aiki na makonni aiki ne mai santsi. A taron masana fiziks na Baltimore, ranar 1 ga Mayu 1989, Nathan Lewis na Caltech ya nuna cewa in ba a motsa ruwan kwalbar sosai ba, wani gefe yakan fi wani zafi, ma'auni ya ba da lambar ƙarya. Haka nan iskar diyutiriyam da iskar oksijin da lantarki ya raba suna iya sake haɗuwa a cikin kwalbar su ba da zafin da ba a sa a lissafi ba. Cibiyar Harwell ta Ingila ta yi watanni tana gwaji ba ta ga komai ba. Masu goyon baya sun mayar da martani. Michael McKubre na cibiyar SRI ta Kaliforniya ya ce zafin ba ya bayyana sai an cusa diyutiriyam kimanin 9 ga kowace ƙwayar faladiyam 10, wanda yawancin masu gwajin farko ba su kai ba. Hujja ce da ta cancanci a gwada, an kuwa gwada ta.

Jihar Utah ta zuba dala miliyan 5, cibiyar da ta kafa ta rufe a 1991. Kamfanin Toyota ya ɗauki nauyin ɗakin binciken Fleischmann da Pons a Faransa har aka rufe shi a 1998. A 2004 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta sake tara masana 18, ra'ayinsu ya rabu kan ko akwai rarar zafi, amma mafi yawansu ba su gamsu cewa nukiliya ce ba. Daga 2015 kamfanin Google ya kashe dala miliyan 10 a kan masu bincike kimanin 30, kuma a 2019 suka bayyana a mujallar Nature cewa ba su ga haɗewar sanyi ba, ko da yake sun yarda cewa kaiwa ga cushewar da McKubre ya ambata abu ne mai wuyar gaske. A 2020 masanan hukumar NASA suka samar da haɗewa a cikin ƙarfen erbiyam mai ɗauke da diyutiriyam, amma sai da suka haska masa hasken gama mai ƙarfi. A 2025 kuma tawagar Curtis Berlinguette ta Jami'ar British Columbia a Kanada, wanda shi ya jagoranci rahoton Google, ta nuna cewa cusa diyutiriyam cikin faladiyam da lantarki, irin yadda Fleischmann ya yi, yana ƙara yawan haɗewa da kashi 15 cikin 100 a lokacin da ake harba masa ƙwayoyi. Shaidarsu ita ce niyutiron ɗin da suka ƙirga, makamashin da suka samu kuwa ɗigo ne a kan wanda suka kashe.

Masu sauraro, in muka jera waɗannan duka, abu ɗaya ya fito fili. Duk hanyar da ta tabbata, ko ta miyuwon, ko ta kariyar ilektiron, ko ta harbi a cikin ƙarfe, tana barin tokar da kimiyya ta sani, kuma ba ta mayar da makamashin da aka kashe mata. Duk hanyar da ta yi alkawarin zafi mai yawa ba tare da niyutiron ba, har yau babu wadda ta amsa tambayoyin nan uku a tare, babu kuma wadda ta ba da ƙa'idar da wani ɗakin bincike zai bi ya sami sakamako iri ɗaya a duk lokacin da ya gwada.

Wannan ba dalilin raina masu binciken ba ne. Tambayar da Fleischmann ya yi, ko daskararren ƙarfe zai iya shafar abin da ke faruwa a cibiyar zarra, tambaya ce ta ƙwarai, kuma awon da aka yi a Japan da Jamus da Kanada ya nuna cewa yana shafa, ko da kaɗan ne. Inda aka yi tuntuɓe shi ne kai maganar gaban 'yan jarida kafin takwarori su tantance ta. Sauri ya haifi nawa, domin fagen ya yi baƙin jini na shekaru, har matasan masana suka riƙa gudunsa don tsoron zubewar mutunci. Shi ya sa nake ganin matakin da hukumar ARPA-E ta Amurka ta ɗauka a 2023 daidai ne, da ta ware dala miliyan 10 ga ayyuka 8 don su nemi amsa yankakkiya, ko eh ko a'a. Kowacce ta fito, ilimi ya ƙaru.

Ga ɗalibanmu masu karatun fiziks da sinadarai, wannan tarihi ya cancanci a karanta shi a aji, domin yana koyar da yadda ake auna abu, da yadda ake tuhumar sakamakon da zuciya ke so kafin wani ya tuhume shi. Ga hukumomi da masu hannu da shuni kuma, duk ranar da wani ya zo da akwatin da ya ce yana ba da wuta daga haɗewar sanyi yana neman jari, a tambaye shi abu uku: wane ɗakin bincike mai zaman kansa ya maimaita gwajin, wace mujallar masana ta tantance shi, kuma wane sinadari aka auna a matsayin abin da haɗewar ta bari. In ya kawo amsa da lambobi, a saurare shi da kyau. In ya ce sirrin kamfani ne, a riƙe kuɗin, a sa su a farantan hasken rana da gyaran layukan wuta da kayan awo na ɗakunan binciken jami'o'inmu, waɗanda amfaninsu ba ya buƙatar jiran wani.